Hannun da Ya Ɗebo Wa Lalgo Farin Murfi

Kafin shekarar ƙuri'a, babu hannun da ake so a Lalgo kamar na Nobila Ilbudo. Ba wani abin duniya ne da shi ba: gonar gero, lambun albasa a bakin madatsar ruwa, tsohon keke, da aji huɗu na boko da ya yi kafin ubansa ya cire shi. Amma in ya sa wa kaza ƙwan zabi goma sha biyu, goma sha biyun za ta ƙyanƙyashe. Mata har aiko masa da ƙwai suke yi a ƙwarya don ya taɓa kawai. Shi kuwa, gaskiya ɗaya ce, abin ya shiga kansa. Ko gaisawa zai yi da kai, a hankali yake miƙo hannun, kamar kyauta yake ba ka.

Ana nan sai masu bincike suka zo daga birni, gwamnati ta aiko su. So suke su gane ko mutuwar mata za ta ragu in an ajiye ƙwararriyar ungozoma a ƙauye, tana auna masu ciki, ga babur mai ƙafa uku na kai wadda ta rikice asibiti. Ƙauyuka ashirin ne: goma su samu yanzu, goma su jira shekara uku, sannan a kwatanta. Don kada a ce an yi son kai, aka tara jama'a a filin kasuwa, aka zuba murafun kwalba a tulu, goma ja na samu yanzu, goma fari na jira. Naban Lalgo, wato sarkin garin, ko shawara bai yi ba, ya ce Nobila ya fito.

Ya naɗe hannun riga, ya ɗaga tafin ya nuna wa taro, mata na ta guɗa. Ya zura, ya daɗe yana lalube, ya zaro fari.

Pisgin, garin su matarsa Pogbi, ja suka ɗebo. Ƙaninta Rasmane, wanda dama bakinsa ba ya gajiya, ya bi shi har inda aka jingine kekuna.

"Mijin yaya, ashe hannun nan na zabi ne kawai? Ai da kun faɗa, da mun ara muku kaza ta ɗebo muku!"

"Tafi can, mai lasar tukunyar yayarsa. Za mu ga abin da za ku tsinana da shi."

Nobila ya taya mutane dariya, amma tura keken ya yi har gida, ya kasa hawa.

Da yake shi ya iya rubutu, shi aka ba littafin Lalgo. Ciki, haihuwa, mutuwa, duk ya rubuta, ranar kasuwa ya kai ofishin binciken da ke hayin rafi. In mace ta rasu, shi ke raka mai tambaya gidan, ya zauna yana ji ana fama wa dangi miki: yaushe ta fara kumbura, kai ya yi ciwo, ta yi jijjiga? Tun shekarar farko ya so ya ajiye aikin. To, ya ajiye wa wa? In littafin ya lalace jiran ya tashi a banza, kuma shi ya ɗebo musu jiran.

A taron farko, likitar binciken, Dakta Nikiyema, ta ce kwatancin ba zai yi kyau ba sai an san inda kowace mace ta haihu. Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Nobila ya ɗauki maganar ya yi ta juya ta a ransa, har ta fito daga bakinsa a matsayin doka: kada wanda ya kai matarsa Pisgin, in aka gauraya ƙirga ta ɓaci, kowa ya rasa. Ban ce ƙarya ya shirya ba. Mutumin da ya sha kunya a bainar jama'a yana neman abin riƙewa, shi kuwa abin da ya riƙe ke nan, cewa zaman Lalgo ma aiki ne.

A damina ta biyu, Tinga, ɗan ƙanin ubansa, wanda shi kaɗai ke da amalanken jaki a garin, ya ɗaura wa jakinsa da safe zai kai matarsa Talato wurin gwaggonta a Pisgin. Cikinta wata takwas, ƙafa ta kumbura, kai na sara. Nobila ya tare shi a bakin rijiya.

"Haba Tinga, har da kai? In kowa ya gudu, wa za a ƙirga? Ka kai ta asibitin gunduma kamar kowa."

"Yaya, rafi ya cika. Ta ina za ta ƙetare?"

"Kwana nawa ne ruwan ya janye? Yi haƙuri."

Tinga ya kwance jakin. Bayan kwana tara Nobila ya rubuta sunan Talato a shafin baya, na mamata, da hannun nan dai. Ko ungozomar Pisgin za ta iya ceton ta, Allah kaɗai ya sani. Tinga bai taɓa tayar da zancen ba. Kullum sai ya gaishe shi har da rusunawa, gaisuwar kuwa ta fi zagi ciwo.

Bana, saura wata bakwai jiran ya ƙare, Pogbi na ɗauke da tsohon ciki bayan shekara tara rabonta da haihuwa, ita da kowa ya ɗauka ta gama. Wata safiya ya ga takalminta ya ƙi shiga, warwaro ya nutse mata a hannu. Wanda ya saurari tambayoyin nan sau goma sha ɗaya ba ya bukatar a yi masa bayani. Tsoro ya kama shi har cikin ƙashi.

"Maigida, idona wuta-wuta yake gani. Kai ni gidanmu."

"Da wane ido zan kalli mutanen garin nan?"

"Da wanda kake kallon tuwona. Ni dai ba zan mutu don ƙirgarka ta yi kyau ba."

Ya ɗora keke a ka, ya ratsa rafin, ruwa har ƙirji, ya isa ofis a jiƙe.

"Likita, alfarma na zo roƙo. A ɗage mini dokar, sau ɗaya tak."

"Wace doka, Baba Nobila?"

Ya faɗa mata. Ta ajiye biro.

"Baba, babu wannan dokar. Ba mu taɓa hana kowa ba. Duk macen da ta je Pisgin za a duba ta, kai dai ka rubuta inda ta je. Wa ya ce maka an hana?"

 Ta ce zancen zai jira, yanzu ya kai Pogbi yau ɗin nan. Za ta yi wa ungozomar waya, in abin ya fi ƙarfinta babur ya bi titi ta gada ya kai asibiti. Sai dai babu abin da ke shiga taɓon Lalgo a wannan wata in ba amalanke ba.

Rana na tsaka ya tsaya a ƙofar Tinga. Ya same shi zaune yana gyara ƙotar fartanya. A hanya ya shirya cewa aro kawai zai nema, amma da ya ga igiyar shanya babu zane ko ɗaya a kanta, sai duk maganar ta zubo: Pogbi, likita, da dokar da babu wanda ya kafa sai shi.

Tinga ya gama sa ƙotar, ya buga ta a ƙasa sau biyu. Ya tashi ya kamo jakin, ya ɗaura masa, ya shimfiɗa tabarma biyu da matashi. Da aka kwantar da Pogbi, Nobila ya miƙa hannu zai karɓi linzami. Tinga bai ba shi ba.

"Bari, Yaya. Ni zan kora."

Suka kama hanya, Nobila na bi a ƙasa, yana tura amalanken duk inda taya ta kafe. Pogbi na ta nishi. Rana ba ta ko gama karkata ba suka hango kwanon ɗakin awo na Pisgin, ga ungozoma tsaye a ƙofa, ga Rasmane ya taho a guje, yau babu wasa a bakinsa.

Aka shiga da ita. Tinga ya zauna a kan amalanken, ya waiwaya ya kalli hanyar da suka biyo, ya ɗaga kai ya dubi rana.

"Yaya," ya ce, "ashe kusa ne."