Baba Basilla da Cokalin Goggo

Ranar Talata abin ya fara, gari ya tashi da hadari amma ruwan ya ƙi sauka. Baba Basilla ya buɗe rumfarsa ta gyaran takalma kamar kullum: ya shimfiɗa buhu, ya jera zare da gam, ya cusa hannun dama ƙarƙashin cinya. Wata uku ke nan hannun yana masa rawa, bai gaya wa kowa ba.

Bayan takalma, shekara talatin yana ɗinka wa masu shanyewar hannu maɗaurin fata. Telan da ya koma riƙe almakashi shaida ne, haka malamar da ta koma riƙe alli. Baba ba ya farawa da awo. Tambayarsa ɗaya ce: me kake so ka riƙe?

Ranar nan wata mata ta kawo mahaifiyarta, wadda kowa ke kira Goggo. Hawan jini ya taɓa mata hannun dama, yatsun sun daina damƙa. Shayi kawai take kurɓa. Ta rantse ba mai ba ta a baki kamar jaririya, hagu kuwa ba za ta fara ci da ita da tsufa ba. An sayo mata na'urar roba ta riƙe cokali a kanti, amma sai wani ya ɗaura mata. Ta ce mai ɗaura maka hannu da mai ba ka a baki duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

"Cokali nake so in riƙe," in ji ta. "In sa da kaina, in cire da kaina."

A maɗauri na farko, sabo ya ja shi ya sa ƙugiya irin ta sandal. Goggo ta juya shi, ta ce, "Malam, hannu na kawo maka, ba ƙafa ba." Na biyu ya yi kauri, zufa ta taru, fatarta ta saluɓe. Kullum 'yar takan tsaya bakin rumfa ta ce zani ya daina zama a ƙugun Goggo. Baba ya sunkuyar da kai, basilla tana karkarwa a hannunsa.

A da, yakan ɗaure hannunsa na dama da tsumma ya gwada aikin da hannu ɗaya. Wannan karon da ya ɗauko tsumman, sai ya ga ba ya bukatarsa: rawar hannun ta riga ta mayar da shi mai hannu ɗaya.

Na uku ya yi shi da fata mai laushi, ya shimfiɗa yadi a ciki, da ɗan aljihu na ƙotar cokali. Ana zura shi kamar awarwaro. Ranar Laraba ta sama Goggo ta ci abinci. Rabi ya zube a zaninta, 'yar ta miƙo hannu za ta goge, Goggo ta ce a bar mata kayanta.

Baba, kai ne ka san cewa marar lafiya ba hannu kaɗai ya rasa ba. Kai ne mai tambaya kafin ka yanka fata. Mun gode, Allah ya saka maka.

Ƙarshen watan nan Baba zai rufe rumfa saboda hannun. Ku masu ɗinkin takalma, ku je ku zauna gabansa tun yana iya nunawa, don har yau ba wanda ya koya.

An yi asarar fata biyu, basilla uku, kwana takwas na abincin Goggo, da hannun dama ɗaya, na Baba.