Uwar Tukunya da Farantin da Ya Bi Baƙo Gida

Kafin Farfesa ya samu inda zai ajiye mota, ita ta riga ta kunna tukunya. Ba ta girki ba ce. Wata ƙatuwar na'ura ce mai tururi a ƙuryar ɗakin bincike, wadda duk abin da ya shiga cikinta da rai ba ya fitowa da shi. Daga nan ɗalibai suka laƙaba mata Uwar Tukunya. Ta wanke kwalabe, ta jera ƙananan farantai masu murfi, ta goge tebura, sannan masu digiri su iso su fara kawo wa duniya ci gaba.

Aikinsu sauya halittar ƙwayoyin bakteriya ne, su sa wata ta fitar da launi, wata ta nuna ko ruwa ya gurɓata. Sunayensu na fitowa a mujallu. Nata sunan, iya sanina, a jikin makullin ɗakin wanki kaɗai ya taɓa fitowa. A watan nan za ta yi ritaya, kuma na ji jami'a na shirin karrama ta da agogon bango, yanzu da ba ta da sauran wurin da za ta makara.

Da Farfesa ya kawo shawarar a riƙa buɗe wa mutanen unguwa ƙofa ranar Asabar, kowa ya tafa, kowa kuma ya tuna yana da uzuri ranar Asabar. Ita ta zo. Teloli, masu shago da matan aure sukan zana hoto a faranti da ƙwayoyin da ido ba ya gani, wata Asabar su dawo su tarar launi ya fito. Hukumar jami'a ta gindaya sharaɗi: babu abu mai rai da zai bar ɗakin, ranar da ya fita kuwa ƙofar ta rufu. Kowane zane sai ya ƙare a tukunya.

Wata Asabar bayan an watse, ta ga gurbi a jerin farantai. Tana iya matsar da sauran su rufe shi, ba mai sani. Sai ta tafi ofishin Farfesa ta faɗa.

"Waɗannan ƙwayoyin ko mura ba sa sawa," in ji shi, ya dafe kai. "Amma dole in kai rahoto. Kin san abin da zai biyo baya?"

"Na sani, ranka ya daɗe. Ka rubuta naka, ni bari in je in dawo."

Ta san wa ya zauna a kujerar da aka yi zanen farantin da ya ɓata: wani tsohon direba da ya yi ta yi wa zanensa murmushi. Ta same shi a gida, farantin na kan tebur kusa da gadon matarsa, wadda ƙafa ta daina ɗaukarta tuntuni.

"Baba, sata da furfura?"

"Wace sata, 'yata? Ni na zana abina. Fure ne na kawo wa tsohuwa. Tunda muke ban taɓa ba ta fure ba."

"Fure?" in ji tsohuwar daga kan gado. "Ni tun ɗazu kaza nake gani. Na yi shiru ne kada in karya masa gwiwa."

Uwar Tukunya ta duba, murfin na nan da ɗaurinsa. Ta yi masa bayanin cewa furen nan zai iya rufe wa unguwa duka ƙofa. Tsohon ya ce shi a saninsa ba a sallamar baƙo hannu rabbana. Ta ce ya yi gaskiya. Ta ɗauki hoton farantin da wayarta, ta tasa tsohon gaba har ɗakin bincike, ya saka furensa a tukunya da hannunsa.

Hukuma ta zauna, ta sha shayi, ta nuna damuwa matuƙa. Amma da ta ga faranti ya dawo a rufe, kuma ɗakin ne ya kai ƙarar kansa, sai ta bar ƙofar a buɗe, da gargaɗi. Tun ranar kowane baƙo na tafiya gida da hoton zanensa, kuma shi ke kai farantinsa tukunya. Hoton farko yana bango a saman gadon tsohuwar. Har yau ba a daidaita ba ko fure ne ko kaza.

Ke ce kika ga gurbi kika ƙi rufe shi. Ke ce kika riƙe doka ba tare da kin wulaƙanta tsoho a gaban matarsa ba. Mun gode, Uwar Tukunya. Allah Ya ba ki hutu mai daɗi, Ya sa agogon ya yi aiki.

Ku kuma da za ku gaje ta, ku zo ranar Asabar ko da kuna da uzuri. Ku buɗe ƙofa, ku yi wa baƙo fara'a, kada ku bar shi ya tafi hannu rabbana. In tsohon direban ya zo sallama, ku gaishe shi da girmamawa, ku kuma ɗan kalli aljihunsa.