Kunnen Kaka a Jikin Rumbu

Jiya ina kwaɓa laka da kashin shanu, warin ya bugi hancina, sai Kaka ta faɗo mini a rai. Kowace bazara takan zagaya rumbunmu tana ƙwanƙwasawa, kunnenta manne da bango.

Wata shekara na yi ganda, na shafe wata tsaga da yaɓe ban jiƙa wurin ba. Sau ɗaya ta ƙwanƙwasa ta ce, "Ɓamɓare shi, ɗiyar nan. Ni kika rufe wa ido, ruwa kuwa zai gane hanyarsa."

Na sake aikin ina ƙunƙuni. Daminar nan rumbun maƙwabta ya zube, geronmu ko danshi bai ji ba.

Har yau ba na yaɓe sai na saurara. Allah Ya haskaka makwancinki, Kaka.