Kwarin da Inna Dije Take Nuna Mana Daga Dutsen Saur

Ku gafarce ni da na tsayar da ku, ni da ban cika magana a wannan zaure ba. Dole ce ta sa.

Ranar Litinin da hantsi ina tsinke mulukiya, wato ganyen lalo, maƙwabciyata ta leƙo ta ce, "Rabi, sai haƙuri. Inna Dije ta cika." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. An sallace ta a Masallacin Harami bayan La'asar.

Shekaru masu yawa muna gida ɗaya a unguwar Hindawiyya. Duk Alhamis da sassafe takan tattara mu, mata huɗu ko biyar, mu hau mota zuwa unguwar Kudai mu kama hawan Dutsen Saur. Ita ce babbarmu, ita ce kuma a gaba, da sandarta da gorar ruwa. In ta ji ina haki sai ta ce, "Ɗiyata, bar kallon sama. Dubi inda za ki sa ƙafa." Wata rana biri ya fizge mata ledar dabino. Ta bi shi da ido ta ce, "Ka ji daɗinka. Ba takardar iƙama, ba mai tare ka."

Akwai wani falalen dutse a rabin hanya inda take zama kullum, kwari shimfiɗe a ƙasanmu. Takan nuna da sanda: "Da an zuba wa wannan ruwa da ciyawa, garinmu ke nan. Dutsenmu ya tsage biyu, rijiya na gindinsa, kasuwarmu Talata. Can na bar ɗana Sale shina rarrafe." Sai ta dogara sandarta ta miƙe, mu ci gaba da hawa.

Ban taɓa tambayar sunan garin ba. Kun san mu a nan, wanda ya zauna ba takardar zama ba a tona masa asali, ni kuma na ɗauka ladabi nake yi. Hausarta ta Zamfara ce, iyakar sanina ke nan. Yau ga shi ɗanta bai san mahaifiyarsa ta rasu ba, balle ya yi mata addu'a.

Allah ya gafarta wa Inna Dije, ya yalwata kabarinta, ya hutar da ita. Allah ya ba Sale haƙuri a duk inda yake, mu ma ya kyautata namu zuwan.

Wanda ya san garin nan mai tsagaggen dutse, don Allah ya amsa mini a nan da wuri. Sandarta na wurina, na ajiye masa.