Takardar Idon Baba Du'ale

Duk wanda ya taɓa kai kaya bakin ruwan Deira a Dubai, inda jiragen katako ke lodi zuwa Berbera, ya san Baba Du'ale ko da bai san sunansa ba. Dogon tsoho ne siriri, gemu ja jawur da lalle, zane ɗaure a ƙugu, sanda gicciye a bayan wuya kamar har yanzu raƙuma yake bi, ba kwalayen firji da buhunan shinkafa ba. Mutumin Somali ne, amma shekara talatin da ya yi yana cuɗanya da 'yan kasuwar Kano ta sa Hausa ta zauna masa daram a baki, har da ba'ar 'yan Kwari.

Dillancin jirage yake yi. Ka zo da kayanka, shi zai gaya maka wane jirgi ne zai tashi Laraba, wane ne matuƙinsa ke cewa Laraba yana nufin bayan salla, wane ne kuma cikinsa ke yoyo. Bai iya karatun boko ba ko na baƙi ɗaya. Lokacin da aka fitar wa harshensu da haruffa a 1972, shi yana cikin jirgin tumaki tsakanin Berbera da Jidda, kuma bai waiwayi zancen ba har ya tsufa. Amma Allah ya ba shi kai. Abin da ya ji sau ɗaya ya zauna ke nan, ko bayan shekara biyar ka tambaye shi zai maido maka da shi, har da inda ka yi in'ina.

Halliru, mutumin Bichi, yana aiki a wani shagon buga takardu a unguwar Abu Hail, irin inda ake cike wa mutane fom na biza da na haya. Nan tsohon ya same shi shekara tara da suka wuce, ya ajiye masa takardar hayar ɗaki ya ce ya karanta masa da Hausa, daga sama har ƙasa. Halliru ya karanta, ya miƙa masa tawada don ya dangwala yatsa. Tsohon bai dangwala ba, ya naɗe takardarsa ya ce sai jibi.

Haushi ya kama Halliru da ya ji inda takardar ta tafi. Ashe washegari unguwar Al Rigga aka kai ta, wurin wani Issoufou, mutumin Maraɗi mai aikin tarbar baƙi a otal, wanda ya yi karatun Larabci a Yamai. Takardun Dubai gefe biyu gare su, Turanci da Larabci. Halliru zai karanta gefen Turanci, Issoufou ya karanta na Larabci a wata rana dabam, tsohon ya haɗa su a kansa ya auna. Sai ma'anarsu ta yi daidai yake sa yatsa. 'Yan'uwansa Somalawa kuwa, da suka cika Deira maƙil, ba ya kai musu. Ya ce ɗan'uwa abin da yake so maka yake karanta maka.

Wata rana bayan la'asar, suna shan shayi a wani lungu na Al Buteen, Halliru ya kasa haƙuri ya tambaye shi ko ya taɓa kama shi da ƙarya ne.

“Ba kai ba ne, ɗan Kano,” in ji tsohon. “Kakana ne.”

Sai ya ba shi labari. A wajajen 1886 Turawan Ingila suka zauna da dattawan danginsu a gaɓar teku, kakansa yana cikin waɗanda suka tsaya shaida. Tafinta ɗaya ne ya karanta. Dattawa suka yi alkawari ba za su sayar da ƙasarsu ko su ba kowa ba in ba Ingila ba, Ingila kuma ta yi alkawarin kariya. Aka sa hannu, kowa ya koma wajen dabbobinsa da kwanciyar hankali. Shekara goma sha ɗaya bayan haka Ingila ta zauna da Habasha, aka rubuta wata takarda da ta bar makiyayar Hawd a ɓangaren Habasha, can inda raƙumansu ke cin ciyawar damina tun kaka da kakanni. Ba a kira su ba, ba a karanta musu ba. Suka ci gaba da kiwo abinsu, sai a 1955 aka miƙa wurin a zahiri.

“Ina da shekara tara. Kakana ya kusa casa'in, ba ya iya tashi sai an ɗaga shi. Aka zo aka gaya masa. Ya tambaya yaushe aka bayar, aka ce shekara hamsin da takwas ke nan. Ya ce ashe duk 'ya'yansa a ƙasar wani ya haife su bai sani ba. Washegari da safe ya kira mu ya ce kada wani jininsa ya sake yarda da mai karatu ɗaya.”

Ya kurɓi shayi ya ci gaba. Ranar 26 ga Yuni 1960 yana Hargeisa, yana ɗan shekara goma sha huɗu, ya ga an sauke tutar Ingila, ya ga dattawa masu furfura suna kuka kamar yara. Shi ma ya yi kuka bai san dalili ba. Kwana biyar bayan nan suka haɗe da 'yan'uwansu na kudu da Italiya ta mulka, don a zama ƙasa ɗaya, kuma da zuciya ɗaya suka so hakan. Sai daga baya ya ji cewa takardar haɗewar da aka amince da ita a arewa ba ita ce daidai da ta kudu ba. Har yau ana jayayya a kan abin da ya biyo baya, an zubar da jini, an rushe garuruwa, wasu suna cewa ƙasa ɗaya ce, wasu suna cewa biyu. Shi dai abin da ya riƙe shi ne ba a sami wanda ya zauna ya auna takardun biyu kafin a buga ganga ba.

Shi Halliru da ya yi digiri, yatsunsa ke tashi a kan na'ura, bai taɓa tambayar wace takarda ce ta sa shi da Issoufou, masu harshe ɗaya da tuwo ɗaya, suke riƙe da fasfo iri biyu ba. Ga wani tsoho da bai san alifi na boko ba yana ɗauke da takardu uku na ƙarni biyu a kansa, da shekarunsu, yana kuma rayuwa da darasinsu kullum. Daga ranar ya daina jin haushin Issoufou. Har abokai suka zama, suna tsokanar juna kan wanda Turawansa suka fi mugunta.

Idon hagu na Baba Du'ale ya daɗe da mutuwa. Da na dama yake ganin jiragensa, sai ga shi bana shi ma ya fara yin hazo. Likita ya ce in aka bar shi, cikin 'yan watanni zai bi ɗan'uwansa. In aka yi tiyata, galibi ana cetowa. Aka ba shi takardar amincewa mai sakin layi goma sha ɗaya, aka ce ya je ya sa hannu ya dawo da ita.

'Yarsa Sagal, malamar makaranta a Sharjah, ita ta riga takardar zuwa shagon Halliru. Ta tsaya bakin kanta, idonta ya kumbura, ta yi masa magana da Larabci ƙasa-ƙasa.

“Ɗan'uwa, a kan sakin layi na bakwai zan roƙe ka. Ya ce mai yiwuwa ne idon ya mutu gaba ɗaya a wurin aikin. Kaɗan ne ke samun haka, amma ka san babana. In ya ji, khalas, shi ke nan, ba zai yarda ba, zai zauna ya makance a hankali muna kallo. Ka tsallake masa shi, don Allah. Na je wajen Issoufou, ya yarda.”

Halliru ya so ya ƙi. Amma me zai ce wa 'yar da ke neman ceton idon ubanta? Ya gaya wa kansa ai taimako ne, ai likitan ma ya ce aikin ya fi alheri. Irin wannan lissafin zuciya ba ta rasa shi in tana son ta yi abu.

Ranar Litinin tsohon ya zo, ya zauna a kujerar da ya saba, ya jingina sandarsa. Halliru ya karanta na ɗaya har na shida lafiya lau. Da ya zo gaɓar sai ya ɗauki gorar ruwa ya kurɓa, sannan ya kira na takwas da sunan na bakwai, ya gangara har ƙasa. Tsohon ya naɗe takarda ya tafi. Talata ya je Al Rigga. Laraba kuwa ya aika a kira su su biyun, abin da bai taɓa yi ba, ya ce Sagal ma ta zo. A bakin ruwa suka same shi, zaune kan wani kwali, hantsi ya ɗaga, ana ta lodi a bayansa.

“Shekara tara ina kawo muku takarda,” ya ce, “ba ku taɓa zuwa daidai ba. Kai ka ce wata uku, shi ya ce kwana casa'in. Kai ka ce dole, shi ya ce wajibi. In koma in zauna in auna. Haka masu gaskiya suke. Wannan karon kun zo mini sumul kamar tagwaye. Kuma bayan na shida, kai ɗan Kano ka sha ruwa, kai kuma ɗan Maraɗi ka yi tari. Wuri ɗaya.”

Issoufou ya buɗe baki. “Bon, Baba, wato dai...”

“Ni makiyayi ne, Issoufou. In raƙumi ya ɓace ba sai na ƙirga ba, garken nake duba in ga giɓi. Me ke cikin giɓin?”

Kunya ta rufe Halliru har ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Amma tare da kunyar akwai wani abu mai kama da tsoro, irin wanda mutum ke ji in ya tsaya gaban abin da ya fi ƙarfinsa. Mutum uku masu ilimi sun haɗa baki, tsoho mai rabin ido ya kama su da kurɓar ruwa da tari. Ya karɓi takardar, ya karanta na bakwai da Hausa, bai rage ko kalma ba. Issoufou ya karanta na Larabci. Sagal ta juya baya tana kuka.

“Sake,” in ji tsohon.

Suka sake. Ya tambaya mutum nawa ne cikin ɗari, aka gaya masa abin da likita ya ce. Ya daɗe yana kallon ruwa, yana kallon jirgin da ake ɗora wa tayoyi, yana matse idon don ya gani sosai. Sannan ya ce wa 'yarsa wani abu da harshensu, a hankali, ya dafa kanta. Ya juyo wajen Halliru.

“Ka zo da tawadar?”

Ya zo da ita, don ba ta barin aljihunsa. Baba Du'ale ya danna babban yatsansa, ya ɗora a ƙasan takardar, ya daɗe bai ɗaga ba.

An yi aikin ranar Asabar a wani asibiti. Bayan kwana uku aka buɗe bandeji, bai ga komai ba. Aka ce a jira kumburi ya sauka. Aka jira mako biyu, aka sake dubawa, likita ya sunkuyar da kai ya ba su haƙuri. Baba Du'ale yana cikin kaɗan ɗin nan da takarda ta faɗa.

Halliru ya yi kwana huɗu yana jan ƙafa kafin ya iya zuwa gaishe shi. Me zai ce? Ya hau bene na biyu a wani tsohon gini a Abu Hail, ya tarar da tsohon zaune kan tabarma, carbi a hannu, fuskarsa na duban bango. Tun kafin ya yi sallama tsohon ya ce, “Shigo, ɗan Kano, takalminka na dama har yanzu yana ƙara.”

Suka gaisa. Sagal ta kawo shayi, ta ajiye, ta kasa tashi. Ta ce da ta sani da ba ta matsa a yi aikin ba, da yanzu yana da sauran watanninsa na gani. Ta ce ita ta jawo. Halliru ya ce a'a, shi ma da hannunsa a ciki, hawaye ya cika masa ido.

Tsohon ya lalubo kofin da kansa, ya ƙi a miƙa masa.

“Ku daina rabon abin da ba naku ba,” ya ce. “Idona ne, an karanta mini, ni na bayar da shi da sanina. Da kun ɓoye mini, da yau ina zaune cikin duhu ina tsine wa mutum uku da nake ƙauna. Yanzu kuwa duhun ne kawai.”