Waƙar Jakin Baffa

Ko zan manta da komai a duniya, ban da abin da waƙar jaki ta yi wa Baffana, yayan mahaifina. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, kuma rabin haushin na kaina ne.

Ina aji huɗu a firamaren Yako lokacin. Wata ranar kasuwar Dangora Baffa ya ɗora wa jakinsa buhu biyu na busasshen barkono, ya haye. A bakin rafi jakin ya turje, ya yi tutsu, ya watsar da shi cikin taɓo, buhu ɗaya ya fashe. Mu kuwa muna kan hanyar makaranta, a idonmu aka yi komai. Da aka fita tara muna wasan tafa-tafa, sai bakin nan nawa da ba ya shiru ya ɗauko:

"Jaki ya ƙi, Baffa ya sauka,
Barkono ya tashi, kowa atishawa!"

Sai sauran yara su yi atishawa sau uku, a tafa. Kafin sati ta zaga gari. Iyaye suka tsawatar, aka zane wasu, waƙa ta lafa. Ban taɓa faɗa a gida cewa ni na ƙirƙiro ta ba.

Bayan shekaru, na yi aure a Kiru har da 'ya'ya uku, ina kan acaɓa za ni ganin gida, sai na ji waƙar nan tana tashi daga wayar mai babur, da kiɗan fiyano da wata murya da aka matse da na'ura. Ashe wani ɗan ajinmu ne da ya koma Kano ya zama mawaƙi ya rera ta. Har sunan unguwarmu ya ƙara a ciki, wai don kada mai neman Baffa ya yi ɓatan kai. Ku ji rashin ta ido!

A lokacin Baffa ya manyanta, shi ke raba gardamar iyakar gona, kowa rusuna masa yake. Sai ga shi in ya ratsa tasha samari su hau atishawar ƙarya. A bikin jikarsa ma sai da aka saka ta, yana zaune a zaure yana ji. Daga ranar ya daina zuwa kasuwa.

Da mawaƙin ya zo gida da salla, na tare shi a ƙofar gidansu.

"Kai yanzu ba ka ji kunya ba? Mutumin nan fa sa'an ubanka ne."

Ya gyara tabarau ya ce, "Haba Hajiya, waƙar yara ce fa, tun kaka da kakanni. Ba ta da mai ita."

"Kakannin wa? A gabanka na yi ta, kana gefe da majina a hanci!"

Sai ya yi dariya. "To ashe ke ya kamata a yi wa faɗan."

Na juya na bar shi nan. Daga nan gidan Baffa na wuce, na same shi yana tufka igiya. Na durƙusa na faɗa masa gaskiya.

"Na sani, 'yar nan," in ji shi, bai ko ɗago ba. "Tun kina ƙarama aka gaya mini. Jakin nan sau ɗaya ya kayar da ni, na tashi na wanke rigata. Wannan waƙar taku kuwa, kullum sai an sake kayar da ni."

Damina ta gaba ya rasu, bai sake taka kasuwar Dangora ba. Waƙar kuwa tana nan a wayoyin mutane, ana tiƙar rawa da ita.

A nan na gane magana zarar bunu ce, ko da daga bakin yarinya ta fito. Yanzu in na ji 'ya'yana suna tafa-tafa a tsakar gida, sai na ajiye abin da nake yi na saurari uban wa ke cikin waƙar.