Mai Sunan Malam

Mijina bai iya ciwo ba. Akwai mazan da in ƙaya ta soke su sai duk unguwa ta kwana da labari, shi kuwa Malam ko maruru ya fito masa sai dai in gane daga yadda yake zama. Tela ne, yana da rumfa a bakin kasuwar Filinge, amma da ruwa ya sauka sai ya rufe keken ɗinki da tsohon zane, ya nufi gonarmu ta gado can wajen Tabla, inda ɗanmu na biyu yake zaune da matarsa. Na sha gaya masa shekarunsa sun wuce noma. Sai ya ce mini geron kasuwa ba ya ƙosar da shi.

Daminar da ya rasu, ruwa ya same shi a gona lokacin maimai. Maimakon ya nemi mafaka sai ya tsaya ƙarasa gefen da ya fara, ya wuni da jiƙaƙƙiyar riga. Ya dawo Filinge yana tari, muka ce sanyi ne. Na dafa masa citta da kanumfari, na shafa masa man shanu a ƙirji. Da zazzaɓi ya shigo, ya fara dafe haƙarƙari in zai tashi, aka kira wanzami ya yi masa ƙaho a baya.

Duk wanda ya shigo ya ce, "Malam, ina jiki?" sai ya ce, "Da sauƙi." Liman ya zo ya tafi da ita, abokan rumfa suka zo suka tafi da ita. Babbar ɗiyarmu da ke aure a Yamai ta kira a waya, ya ce mata da sauƙi, ta nemi a ba ni, ni ma na ce da sauƙi, don ban taɓa jin an amsa gaisuwar ciwo da wata kalma ba. Haka muka yi ta rabon sauƙi a gari, shi kuwa yana ƙara nauyi a kan tabarma. Sai ranar da na ga ya yi la'asar a zaune, hancinsa na buɗewa yana rufewa, numfashi sama-sama kamar wanda ya yi gudu. Na yafa mayafi na fita neman mai mota ban shawarce shi ba.

A likita ma bai sake hali ba. Majo, wato babban ma'aikacin jinyar wurin, wanda Malam ke ɗinka wa fararen riguna, ya tambaye shi jiki, ya ce da sauƙi.

"Baba," in ji majo, "in da sauƙi, mi ya kawo ka?"

Malam har murmushi ya yi. Majo ya saurari ƙirjinsa gaba da baya, ya ja ni gefe ya ce ciwon huhu ne, wanda suke kira nimoniya, kuma ya riga ya ci ɓangaren biyu. Suka yi masa allurai, suka sa masa ƙarin ruwa, suka fara shirin tura shi Yamai. Bai jira motar ba. Ya cika da hantsi, ina riƙe da ƙafarsa ina matsa masa ita kamar yadda yake so.

Zan faɗi gaskiya, kafin baƙin ciki ya zauna mini sosai, fushi ne ya fara zuwa. Ina zaune cikin takaba, mata na shigowa suna cewa Malam mutumin kirki ne, bai taɓa damun kowa ba, ni kuma a raina ina cewa ai shi ne laifinsa. Da ya dame mu ko sau ɗaya! In na ga keken ɗinkin da aka dawo da shi zaure, sai in kama faɗa da shi a zuci, in gama faɗan in yi kuka. Na san kwana ne ya ƙare, ban yi jayayya da Mai kowa ba. Amma na yi kewarsa ƙwarai, har kewar gardamar geron nan na yi.

Majo ya zo ta'aziyya bayan sadakar bakwai. Ya tsaya daga bakin ƙofa, ni ina ciki, na tambaye shi abin da ke cina: ciwon nan ba shi da rigakafi ne?

"Akwai, Inna," ya ce. "Cikin alluran da muka yi ma jarirai akwai ta ciwon ga. Ba ta tare kowane tari ba, amma tana tare mai kisa da yawa. Ta tsohhi kau, an ce akwai, ni dai ba a taɓa kawo muna ita nan ba. Sai ko farmasi, Yamai."

Na haifi ɗiya shida, na kai wasu awo, wasu ban kai ba, kuma ban taɓa tambayar wace allura ce ta wane ciwo ba. Ta tsofaffi dai ta wuce Malam. Ta jarirai kuwa sai ta zauna mini a rai, don matar ɗana tana da tsohon ciki.

Ta haihu da kaka, a gida, namiji, ɗanta na fari. Ban je suna ba saboda takaba. Da yamma ɗana ya kira ya ce, "Inna, an mayar da Baba." Wato an sa wa yaron sunan kakansa. Na ce Allah Ya raya, na ajiye wayar na shiga ɗaki na rufe fuskata. Daga ranar yaron ya zama mai sunan Malam. Uwarsa ba za ta kira sunan ba, ga shi ɗan fari, ga shi sunan surukinta, sai ta riƙa ce masa Abba. Ni kuwa tun da aka kawo ni gidan nan ina yarinya sunan bai taɓa fita daga bakina ba. In wata mata mai ɗa mai irin sunan ta zo, sai in ce ina mai sunan Malam. Jikan nawa na sa masa Maigida tun ban gan shi ba, na aika a gaya masa ya fara tara kuɗin cefane.

Duk kiran da ɗana zai yi sai na tambaye shi ko an kai Maigida likita. Ya ce sai an gama yankan gero. Aka gama, ya ce sai an kai damman gero rumbu. Aka kai, ya ce jakin ya yi rauni. Ɗan nan nawa ya gaji ubansa, ba ya cewa a'a, ba ya kuma yi. Ni ga ni a ɗaure, ba halin fita, sanyi na ƙaratowa, yaran unguwa sun fara tari ta bayan katanga. Ban taɓa ƙosawa da kwanaki kamar na ƙarshen takabar nan ba.

Da na fita, na yi wanka na sake zane, ban tsaya zagayen godiya ba na hau motar Tabla. Na tarar da Maigida a bayan uwarsa, ƙato, kumatu kamar an hura, da goshin Malam sak. Na karɓe shi na ce, "Kai, tsohon banza, ka tahi ka bar ni, ka komo ba haƙora." Kowa ya yi dariya, ni ma na yi, hawaye na zuba.

Kakarsa ta wajen uwa tana nan, ta zo zaman jego ba ta koma ba. Mace ce mai hankali, ba na raina ta, amma ranar mun kusa saɓawa.

"Lahiyayye aka kai likita?" ta ce. "Ɗiyan maƙwabta da anka yi ma allurag ga kwana sunka yi da zahin jiki. Ki dube shi, mi ya same shi?"

"Ba abin da ya same shi," na ce. "Shi ya sa za ni da shi. Na kai marar lahiya na gani."

Ta dube ni, ta sunkuyar da kai. Ɗana ya fara maganar jaki, na ce masa in jakin bai warke ba ya ɗaura kansa a amalanken. Ranar awo da sassafe sai ga jaki ya warke.

Ɗana ya sauke mu a bakin likitar ƙauyen da ke kusa da su, ya ce wurin mata ne, ya wuce kai niƙa. Mata sun cika inuwar itacen bedi, daga ƙauyukan da ba mu san kowa ba, kowace da goyo. Mai allurar wata madam ce Bazabarma, ita kaɗai, ga akwatin sanyi a gefenta, ga rana na hawa. Ta riga ta faɗa cewa abin da ke cikin akwatin in ya ƙare sai wani zuwan. Na riƙa leƙen akwatin duk sanda ta buɗe shi.

Da layi ya zo kanmu ta yi gaisuwa irin tasu ta ce, "Fofo, Inna. Ina karne?" Katin awon yaro take nufi. Muka ce a gida aka haife shi, ba shi da shi. Ta jawo sabo ta buɗe biro.

"Mi as sunanai?"

Matar ɗana ta ce, "Abba."

"Ba wanga ba. Sunan yanka."

Yarinyar ta ja mayafi ta rufe baki, ta dube ni. Na dube ta. Na waiga ko zan ga wata fuskar da na sani, ba ko ɗaya. Na ce, "Madam, mai sunan Malam na."

"Wane Malam? Malamai nawa ag garin ga?" Ba da wulaƙanci ta faɗa ba, gajiya ce. "Ba ni iya rubuta Malam. Ku koma baya, in uban ya taho ku zo." Ta miƙa hannu ga matar da ke bayanmu.

Uban yana can wurin niƙa, kuma na san shi, sai ya gama hira da kowa. Matar ɗana ta fara juyawa da yaron, kanta a ƙasa. Na riƙe mata zane. Kunya ce ta kama ni, ta gaske, ni tsohuwa mai jikoki, a gaban matan da ba su san ni ba.

Na faɗi sunan.

Bai fito da kyau ba. Madam ta ɗago ta ce ba ta ji ba. Na sake faɗa da ƙarfi, har matan kusa suka waigo. Ta rubuta, ta ce a kwance masa cinya. Ta ɗiga masa magani a baki, ta yi masa alluran, Maigida ya tsala ihun da sai da jakunan waje suka motsa. Ta gaya mana wadda take ta huhu, ta ce jikinsa na iya yin ɗumi, kada mu tsorata, kuma akwai sauran zuwa, kada mu tsaya a wannan. Na ce mata ko da rarrafe ne za ta gan mu.

A hanyar komawa matar ɗana ta zauna ta ba ni baya, ba ta yarda mun haɗa ido ba, yaron ya gaji da kuka ya yi barci. Ɗana na gaba yana faɗa da jakinsa. Muka ratsa gonaki duk an yanke, sai kara a tsaye da awaki na kiwo, har muka zo daidai gonarmu. Sunan yana nan a bakina bai tafi ba. Na juya wajen gonar na sake faɗinsa a hankali, irin yadda ake kiran mutum in abinci ya sauka. Ba wanda ya amsa.